Alwalar Mai Uzuri

Duk wanda ya taɓa durƙusawa gaban malami a zaure a ƙasar nan tamu, ko da karatunsa bai wuce Ahalari da Ishmawi ba, ya sani cewa ba a kai shi ga hukuncin ciniki ko na aure ko na gado ba sai da aka fara zaunar da shi a babin tsarki, aka karanta masa irin ruwan da ya halatta ya yi alwala da shi, da abubuwan da ke warware ta, da yadda zai kawar da najasa daga jikinsa da tufafinsa da wurin sallarsa. To, da yake wannan karatu yakan riski mutum ne yana yaro, sa'ad da jikinsa ke yi masa biyayya ba gardama, sai ya tashi da zaton cewa riƙe bawali da bayan gida da iska abu ne da ke hannun kowane baligi mai hankali, wanda duk ya kasa kuwa, ko dai sakaci ne ya yi masa yawa ko kuma ƙazami ne tun asali. Sai shekaru sun ja, ko haihuwa ta yawaita, ko wata cuta ta sauka, sa'an nan tambayar da ba a yi ba a zaure takan zo ta tsaya wa mutum a ƙofar masallaci: idan tsarki sharaɗi ne na sallah, sallah kuwa ba ta sauka daga wuyan mai hankali muddin yana numfashi, mene ne matsayin bawan da jikinsa ya daina riƙe abin da ke warware tsarkin?

Kafin a nemi amsa wajen malaman fiƙihu, ya kyautu a san abin da ake magana a kansa, gama hukunci ba ya sauka daidai a kan abin da ba a fahimta ba. A can ƙarƙashin mara, cikin kewayen ƙashin ƙugu, Allah ya shimfiɗa wani faifan tsoka wanda ya tashi daga ƙashin gaba ya je ya kama ƙarshen ƙashin baya, ya kuma manne da ƙasusuwan gefe biyu. A kansa ne mafitsara take zaune, da ƙarshen hanji, da mahaifa idan mace ce, kamar yadda ƙore ke zaune cikin ragaya a ɗakin tsohuwa. Ta cikin wannan faifai hanyoyin fita suka ratsa, biyu ga namiji, uku ga mace, kuma aikinsa iri biyu ne masu kama da kishiyoyin juna: ya matse a lokacin da ake bukatar riƙewa, ya saki a lokacin da ake bukatar fitarwa. Yana matsewa da kansa ba tare da an umarce shi ba duk sa'ad da mutum ya yi tari ko atishawa, ko ya sunkuya ya ɗauki kaya, domin a wannan lokaci nauyin ciki gaba ɗaya yakan danno ƙasa. Akwai kuma wani zare daga cikinsa da ya zagayo ta bayan ƙarshen hanji ya jawo shi gaba ya lanƙwasa shi, wannan lanƙwasa kuwa ita ce babban makullin da ke tsare bayan gida. Idan mutum ya tsuguna ya saki jiki sai ta miƙe, abin ya fita ba wahala.

Daga nan mai lura zai gane dalilin da ya sa ciwon mafitsara da ciwon hanji suke tafiya tare a jikin mutum guda. Tsokar ɗaya ce, jijiyoyin da ke kai mata saƙo kuma daga wuri ɗaya suka fito a ƙarshen laka. Wanda ya daɗe yana fama da taurin bayan gida, yana yunƙuri da nishi kullum safiya, yana ja da wannan tsoka ne yana kuma miƙar da jijiyoyinta har su gaji. Hanjin da ya cika ya ƙi fitarwa kuma yakan danne mafitsara ya hana ta juye abin da ke cikinta duka, sai ka ga mutum ya tafi wajen mai magani da kukan yawan fitsari alhali tushen damuwarsa a hanji yake. Wani kuwa tsokar tasa ba rauni ta yi ba, ƙin saki ta yi: a matse take dare da rana, in ya je zagayawa maimakon ta buɗe sai ta ƙara ɗaurewa, ya yi ta fama, ya tashi yana jin bai gama ba, ga ciwon mara. Abubuwan da ke raunana ta ba baƙi ba ne a gidajenmu. Akwai ciki da haihuwa, musamman idan sun zo a jere ba hutu, ko ɗan ya yi girma ya yaga tsakanin gaba da dubura. Akwai tsufa da ɗaukewar al'ada, da tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, da ƙiba, da ɗaukar kaya masu nauyi shekara da shekaru, da ciwon sukari idan ya taɓa jijiya, da shanyewar ɓarin jiki. Maza ma ba su tsira ba, balle waɗanda aka yi wa tiyata a ƙullutun nan da ke kewaye da wuyan mafitsara, wanda likitoci ke kira furostet.

Sa'an nan akwai wanda ya fi duka tsanani, wanda aka fi sani da yoyon fitsari, shi kuwa ba raunin tsoka kaɗai ba ne, huda ce. Idan naƙuda ta yi tsawo, kwana biyu ko uku, kan jariri ya kafe a cikin ƙugu ya matse naman da ke tsakanin mafitsara da farji a jikin ƙashi, sai jini ya daina kai wa wurin, naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya zube ya bar kafa; daga ranar nan bawali ba ya sauran jiran izinin kowa, wani lokaci ma har da bayan gida idan hudar ta shafi ɓangaren baya. Galibi ɗan ma ba ya zuwa da rai. Yankan gishiri da wanzami ko ungozoma ke yi da aska shi ma yakan jawo irin wannan. Cutar ba sabuwa ba ce, domin Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya ambaci yagewar mafitsara saboda wahalar haihuwa a littafinsa na likitanci, ya kuma ɗauke ta a matsayin abin da ba ya gyaruwa, haka kuwa take a zamaninsa.

Abin da ya dame ni a wannan sha'ani shi ne hukuncin da masu wannan lalura suke yanke wa kansu a ɓoye, ba tare da sun tambayi kowa ba. Na san wani dattijo, mutumin sahun farko ne tun muna yara, wanda muka wayi gari ya koma can ƙarshen sahu kusa da inda ake ajiye takalma, yana shigowa bayan an tayar da iƙama yana fita kafin a shafa addu'a. Buta ba ta rabuwa da hannunsa, yakan yi alwala ya taho har bakin ƙofa sai ya tsaya cik, ya juya ya koma. A ƙarshe ya daina zuwa, aka ce ƙafa ce ke damunsa. Rannan bayan an tashi daga karatun Risala a zauren malaminmu, sai ya jira kowa ya watse, saura mu biyu masu naɗe buzu, ya matso ya rage murya ya ce, "Allah gafarta Malam, wani ne ya aiko ni da tambaya. Ya ce in ya yi alwala ya sunkuya ruku'u sai ya ji ɗigo. Shin wai sallolinsa na shekara biyu suna nan, ko sai ya rama?" Malam bai ɗaga kai ya dube shi ba, kuma na daɗe ina ganin wannan rashin dubawa a matsayin wani babi na ilimi da ba a rubuta shi a littafi ba. Ya ce, "Alhaji, ka gaya wa mai aiken nan malamai sun san da zamansa tun kafin a haifi kakansa. Ya zo gobe da sassafe mu duba tare, ko ya sake aiko ka."

Tsoron da ya kori wannan dattijo daga sahu yana da asali, ba a banza ya zo ba. Kowa ya ji hadisin Ibnu Abbas, wanda Buhari da Muslim suka fitar, a kan kaburbura biyu da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce ya ba da labarin ana yi wa mazaunansu azaba, ɗayan saboda ba ya kiyaye kansa daga bawalinsa. Masu wa'azi suna yawan kawo shi, kuma daidai ne su kawo, sai dai ba kasafai suke tsayawa su bambanta wanda ya ƙi kiyayewa da wanda ya kasa ba, alhali a kan wannan bambanci ne shari'a ta gina komai. Malaman mazhabar Malikiyya sun ware wa abin da suka kira salas hukunci nasa na kansa, watau duk abin da ke fita ba da zaɓin mutum ba saboda wata illa, ko bawali ne, ko iska, ko bayan gida, ko maziyyi. Suka auna shi da lokaci. Idan ba ya yankewa sam, to, ba ya warware alwala, ba a ma neman mai shi ya sabunta ta, domin sabuntawar ba ta da wata fa'ida. Idan yana zuwa a mafi yawan lokaci, ko a rabinsa, nan ma alwala ba ta karye ba, sai dai an so ya sabunta ta ga kowace sallah in ba za ta wahalar da shi ba, kamar a tsananin sanyi. Abin da Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, ya nuna ke nan a Risala game da mai wannan lalura da mai jinin istihala. Sai idan yankewarsa ta fi zuwansa yawa ne yake komawa kamar sauran abubuwan da ke warware alwala. Wannan rabe-rabe hanyar malaman Magrib ce, ita ce kuma aka fi bi. Malikawan Iraƙi ma sun fi haka sassauci, gama a wurinsu salas ba ya warware alwala ko ta halin ƙaƙa. Shafi'awa sun ɗora wa mai shi alwala ga kowace farilla, Hanafawa ga kowane lokacin sallah, amma babu ko ɗaya a cikinsu da ya ce ya ajiye sallah, ko ya ce sallarsa ragaggiya ce.

Batun tufafi kuwa ya fi wannan sauƙi, kuma shi ne mutane suka fi jahilta. Shehu Halil a Muhtasar ya sanya wannan lalura a sahun farko na najasar da aka yi rangwame a kanta saboda wuyar kauce mata, masu sharhi kuma suka ce ya isa a ce tana zuwa ko da sau ɗaya ne a kowace rana, sai a ɗauke wa mutum wajabcin wanke abin da ya taɓa jikinsa da wandonsa. A wuri guda ya ambaci laimar basir, da zanen mai shayarwa wadda jariri ke ɓatawa alhali tana iya ƙoƙarinta, aka so mata ta keɓe wani na sallah in da hali. Har wanda in ya miƙe tsaye iska ke kuɓuce masa, in ya zauna kuwa ta tsaya, an ba shi damar ya yi sallarsa a zaune. Abin da kawai aka karhanta shi ne mai salas ya limanci masu lafiya, kuma ko ya yi, sallarsu ta inganta. Waɗanda suka rubuta waɗannan mas'aloli ba su ji ƙyamar sa alƙalami a kansu ba; sun zauna sun yi tunanin tsoho da mai jego da mai basir ɗaya bayan ɗaya, suka nema wa kowa hanyar da zai tsaya gaban Ubangijinsa.

A nan ne mai hankali zai tsaya ya yi mamaki, domin a zahiri lissafin kamar a juye yake: wanda najasa ta fi yawa a jikinsa shi aka fi sauƙaƙa wa, wanda kuwa take zuwa masa jefi-jefi shi aka ce ya sake alwala. Da a ce manufar tsarki ita ce jiki ya zama babu ɗigon ƙazanta ko kaɗan, da akasin haka ya kamata a yi. Amma da yake an yi haka, sai ya bayyana cewa abin da ake nema daga bawa shi ne ya miƙa iyakar abin da ke hannunsa, abin da ya fita daga hannunsa kuwa ba a rubuta shi a kansa ba tun farko. Malaman usulu suna cewa taklifi yana rataye ne da iko, kuma ɗaya daga cikin manyan ƙa'idojin da Suyuɗi ya tattara a littafinsa na ƙa'idojin fiƙihu ita ce cewa matsi shi ke jawo sauƙi. Ayar alwala kanta, a Suratul Ma'ida, ta rufe ne da bayanin cewa ba ƙunci ake nufi da mu ba. Saboda haka rangwamen nan ba alfarma ce da aka yi wa wanda ya gaza ba, yadda mai gida kan kau da kai daga laifin bara. Shi ne hukuncin asali game da shi. Matar da ta yi alwala ta ɗaura tsumma ta kabbara, bawali na bin ƙafarta, mai tsarki ce cikakkiya a ma'aunin shari'a, daidai da limamin Juma'a, ba kusa da shi ba. Najasa sifa ce da ke sauka a kan tufa ko fata a wanke ta; ba ta shiga zatin mumini, kamar yadda Annabi ya nuna wa Abu Huraira ranar da ya sulale ya guje shi don yana da janaba.

Magabata kuwa ba su ɓoye irin wannan ba, shi ya sa ma labarinsu ya iso mu. Faɗimatu 'yar Abu Hubaish ta zo da bakinta ta ce jini ba ya ɗauke mata, ko ta bar sallah? Aka ce mata a'a, wannan jijiya ce, ba haila ba ce. Nana A'isha ta ba da labarin ɗaya daga cikin matan Annabi da ta shiga i'itikafi tare da shi tana cikin wannan hali, har akan ajiye tasa a ƙarƙashinta tana sallah. A cikin masallaci fa ke nan, ba a bayan ɗaki ba. Imrana ɗan Husaini basir ne ya dame shi ya yi tambaya, amsar da aka ba shi ita ce asalin hukuncin sallar marar lafiya da ake karantarwa har gobe, a tsaye, ko a zaune, ko a kishingiɗe. An kuma ruwaito cewa Zaidu ɗan Sabit, wanda aka damƙa wa tattara Alƙur'ani, bawali ya riƙa kuɓuce masa da ya tsufa, yakan yi maganin abin iyakar iyawarsa, in ya fi ƙarfinsa ya yi alwala ya yi sallarsa.

Wani zai ce, to, idan aka buɗe wannan ƙofa ai malalata za su shige ta ciki, kowa ya ƙi tsayawa ya yi istibra'i, watau tsiyaye ragowar bawali, ya ce shi mai uzuri ne. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma malamai ba su gafala daga gare ta ba, domin sun sa sharaɗi: rangwamen na wanda ba shi da ikon kawar da lalurar ne, wanda kuwa yake da hanyar magani, an ɗaga masa ƙafa ne gwargwadon lokacin da zai yi jinya. Sun kuma ce idan mutum ya san lokacin da abin ke ɗauke masa, ya kai sallarsa can, farkon lokaci ne ko ƙarshensa. Wannan sharaɗi a da ba shi da nauyi sosai, don maganin kaɗan ne. A yau ya yi nauyi. Tun 1948 wani likitan mata a Amurka, Arnold Kegel, ya bayyana cewa wannan tsoka ana horar da ita kamar kowace tsoka: mutum ya matse kamar mai riƙe iska a cikin jama'a, ba tare da ya ɗaure ciki ko cinya ko ya riƙe numfashi ba, ya ƙirga kaɗan, sa'an nan ya saki sarai, domin sakin ma rabin aikin ne. Ƙa'idar da ake bi a asibitocin Ingila ita ce aƙalla matsewa takwas, sau uku a yini, har wata uku, ƙarƙashin kulawar wanda ya san aikin, kuma mata da yawa masu ɗigo wajen tari ko ɗaukar kaya suna samun sauƙi ko su warke da wannan kaɗai. Gyaran hanji da ruwa da ganye da 'ya'yan itace, da barin yunƙuri, yakan rage damuwar. Wanda tasa tsokar ƙin saki ta yi kuwa, ƙarin matsewa ƙara masa ciwo zai yi, shi ya sa ba a raba wannan magani a bakin kasuwa, sai an duba mutum. Yoyon da Ibnu Sina ya ɗebe tsammani a kansa ma yanzu ɗinke shi ake yi: asibitin da Catherine Hamlin da mijinta suka buɗe a Addis Ababa a 1974 don wannan aiki kaɗai aka gina shi, a Babbar Ruga ta Katsina kuma wani likita mutumin Holan, Kees Waaldijk, ya fara shi tun shekarun 1980 ya ɗinke mata dubbai ya koyar da likitoci masu yawa, ga cibiyar Laure Madaki a Kano, da ta Ningi, da ta Danja kusa da Maraɗi. Fiƙihun da ya ce wa mai lalura ka yi sallarka, shi ne dai ya ce masa ka tashi ka nemi magani, bai halatta a karɓi rabi a bar rabi ba.

Amma ni a ganina malalatan da ake tsoro ba su kai masu waswasi yawa ba. Akwai samari masu lafiya ƙalau da ke shafe rabin sa'a a makewayi suna matsa da yunƙuri da tsalle-tsalle don kada ɗigo ya rage, har jam'i ya wuce su. Littattafanmu sun ce istibra'i a yi shi a hankali, masu sharhi kuma sun yi gargaɗi cewa tsanantawa tana sassauta wurin ta cutar da shi, likitoci ma abin da suke faɗa ke nan game da yawan yunƙuri; watau mai waswasi da hannunsa yake ƙera cutar da yake gudu. A Muwaɗɗa an tambayi Sulaimanu ɗan Yasar game da laimar da mutum ke ji, ya ce a yayyafa ruwa a ƙarƙashin tufa a manta da ita, Sa'idu ɗan Musayyib kuma ya ce shi ko da za ta gangaro masa a cinya ba zai yanke sallarsa ba. Waɗannan fa manyan malaman Madina ne, ba waɗanda za a tuhuma da wasa da addini ba.

Abin da ya tsare mutane daga malami da likita duka biyu abu ɗaya ne, kunya. Ba na cikin masu zagin kunya, gama ita ce adon tarbiyyarmu. Amma kunyar da ke sa yarinya mai cikin fari ta danne naƙuda kwana biyu a ɗaki ba ta yi ko tari ba, don kada a ce ba ta da dauriya, da kunyar da ke sa uwar 'ya'ya takwas ta ɗauka cewa jiƙewar zane wajen daka ko dariya gadon haihuwa ne da ba a faɗa, wannan ba ita ce kunyar da aka yaba ba. Nana A'isha ta yabi matan Ansar ne a kan cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Nurul Albabi ya yi kakkausar suka ga malaman da ke karantar da almajirai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata ba su san hukuncin alwalarsu da sallarsu ba, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta tura mata masu koyarwa, waɗanda ake kira jaji, ƙauye-ƙauye domin mace ta sami macen da za ta tambaya abin da ba za ta iya furta wa namiji ba. Makarantun Islamiyya na matan aure sun cika garuruwanmu yanzu, alhamdu lillahi, sai dai zan so in ji malama ta kai babin abubuwan da ke warware alwala ta dakata, ta ce wa ɗalibanta wadda duk ke fama da kaza ga hukuncinta, ga kuma ƙofar da za ta ƙwanƙwasa a asibiti.

Mai yoyon fitsari ita ce wadda aka fi zalunta da wannan jahilci, domin jama'a sun kafa mata wata shari'a da ta fi ta Allah tsanani. Akan ware mata kwano da tabarma, a hana ta girki, ta daina zuwa suna da biki. Takan rage shan ruwa don yoyon ya ragu, sai bawalin ya yi kauri, warinsa ya ƙaru, fata ta ci wuta, wani lokaci har tsakuwa ta taru a mafitsara, shi ya sa a cibiyoyin nan abin da ake fara umartar ta da shi shi ne ta sha ruwa da yawa. Da yawansu sun bar sallah da azumi shekaru, ba don ƙin Allah ba, sai don sun ɗauka ba su cancanci tsayawa gabansa ba, ba kuwa wanda ya gaya musu cewa hukuncinsu ba irin na mai haila ba ne. Masu toshe hanci suna yaɗa zancenta daga gida zuwa gida kuma sun manta cewa hadisin nan kaburbura biyu ya ambata, kuma na biyun na annamimi ne.

Saura mijin. Malikawa sun lissafa haɗewar hanyoyi biyu cikin aibobin da ke ba miji zaɓin warware aure idan ya tarar da su tun kafin ɗaurawa ba a gaya masa ba. Amma abin da ya sami mace bayan an ɗaura, sun ce musiba ce da ta sauka a kansa, ba shi da wannan zaɓi, balle kuma wadda ta samu wajen haifa masa ɗa. Gaskiya ne saki yana hannunsa, alƙali ba zai hana shi ba, kuma gaskiya ne mashhurin zance a mazhaba bai ɗora wa miji kuɗin maganin matarsa ba, ko da yake an naƙalto daga Ibnu Abdil Hakam cewa ladan likita a kansa yake, ni kuwa wannan nake ganin ya fi dacewa da zamanin da magani ya zama bukata kamar ci da sha. Sai dai ko a mashhurin, Shehu Halil ya sanya ladan ungozoma cikin abin da ke wajaba a kan miji, domin haihuwa ba cuta ce da ta faɗo wa mace ita kaɗai ba, abu ne da shi ya zama sababinsa. Idan haka ne, to, a wurin da ungozomar gida ta kai iyakarta, rana ta fito ta faɗi a kan mace tana durƙushe, kuɗin motar da za ta kai ta inda za a yi mata aiki a ciro ɗan, da izinin fita da ake jira daga bakinsa, sun shiga ƙarƙashin wannan wajibi, kuma ya kamata masu ɗaura aure su riƙa faɗa wa ango haka tun ranar da ake karɓar sadaki.